Tukunya a cikin gida, ciniki a waje: ina doka ta tsaya kan abincin sayarwa na gida?

Azumin da ya wuce ne abin ya faru, wajen la'asar sakaliya yayata ta turo yaro wai in zo yanzu-yanzu. Na same ta zaune gefen murhu ta zabga tagumi, ga galasiya biyu, wato kulolin sanyi, a buɗe wayam. Ashe robobin folere, wato zoɓo, da na kindirmo da take kai wa wani mai butik a bakin titi ne wasu ma'aikata suka zo suka kwashe, roba arba'in da ɗoriya, suka ce wa mai butik ɗin babu suna a jiki, babu kwanan wata, su ba su san wa ya yi ba balle su san da wane ruwa aka dama. Ko gaisuwata ba ta amsa sosai ba ta ce, "Kai da ka yi boko gaya min, a gidana na dafa, da tukunyata, da sukarin da na saya da kuɗina, ina ruwan gwamnati da madafata?"

Na ce Yaya ki yi haƙuri, amma ruwanta ya shigo tun ranar da kika karɓi dalar farko daga hannun wanda ba ɗan gidan nan ba. Ta harare ni kamar ni na turo su.

Ni aikina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi ne a nan Garwa ta Kamaru da cike musu takardu, to irin wannan tambayar ba yau na fara jin ta ba, sai dai yau ta shigo gida. Kuma mata nawa ne a Garwa da Marwa da Ngaundere da Kusuri, har ƙetaren gada a Njamena, da suke ci da yaransu daga makala da ƙosai da cincin da yawur da dambun nama? Yanzu ma abin ya ƙaru, hoto ɗaya a status na WhatsApp, komand, wato oda, ta shigo, kuɗi ya faɗo ta Orange Money ko MoMo, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya zo ya ɗauka, mace ba ta taka ƙofar gida ba ta yi cinikin jaka goma. To bari mu warware zaren a hankali.

Abu na farko da ya kamata a gane, dokokinmu ba su ware wani babi na musamman da sunan madafar gida ba. A wasu ƙasashe akwai. A Amurka kusan kowace jiha tana da tata dokar abincin gida, misali Kalifoniya tata ta fara aiki a 2013, ta ce za ka iya yin burodi da biskit da alawa da makamantansu a gidanka ka sayar, da sharaɗin ka yi rajista kuma ka rubuta a jikin kayan cewa a madafar gida aka yi, amma abin da ke buƙatar firigo kamar nama da madara ba ya cikin jerin. A Ingila kuma za ka sanar da ƙaramar hukumarka kwana 28 kafin ka fara, kyauta ne, su zo su leƙa madafar su ba ka maki daga 0 zuwa 5. Mu a nan doka ba ta tambayar ina tukunya take, tambayarta wa zai ci. In mijinki da 'ya'yanki da baƙinki ne, babu ruwan kowa. In jama'a ne kuma da kuɗi, to ke da mai gidan abinci na tsakiyar gari hukunci ɗaya ya hau kanku a takarda, duk da cewa shi yana da lauya ke kuma kina da murhu mai duwatsu uku. Wannan shirun na doka mutane suna ɗaukarsa 'yanci ne, ni kuwa a ganina shi ne babbar matsalar, don shi ke sa mace ba ta san abin da ake nema gare ta ba sai ranar da aka kwashe mata kaya.

Inda aka fi ruɗewa shi ne ana haɗa takardu iri-iri a kira su duka "takarda". Mace ta ce min ai ni ina da takarda, in ce mu gani, ta ciro kitansin lampo, wato rasit ɗin haraji. To lampo daban, tsafta daban. Mai karɓar haraji bai damu ko ƙuda ya mutu a cikin kununki ba, shi kuma duba-gari bai damu ko kin biya haraji ba.

Mu fara da ɓangaren kasuwanci tunda shi ne gonata. Kamaru da Chadi duka suna cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa dokar kasuwanci guda tun yarjejeniyar 1993, sakatariyarta ma a Yawunde take. A ranar 15 ga Disamba 2010 a Lome aka sabunta dokar, aka shigo da wani matsayi da ake kira entreprenant da Faransanci, wato ƙaramin mai sana'a. An yi shi ne daidai don irin su Yaya. Ba kamfani za ki buɗe ba, ba notar, ba jari a banki, sanarwa ce kawai za ki kai girefi, wato ofishin magatakardan kotu, cewa ga ni, ga sana'ata, ga inda nake yi, kuma dokar da kanta ta ce wannan sanarwar ba a biyan kuɗi a kanta. Abin da ta ɗora miki shi ne ki riƙe littafi kina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ki ajiye shi aƙalla shekara biyar. Kaye na 'yan makaranta ya isa wallahi. Sannan akwai lambar mai biyan haraji, NIU, wadda yanzu ta intanet ake nema, kuma in kina son komai ya tafi a wuri ɗaya akwai ofishin CFCE na buɗe sana'a a Garwa da Marwa. Shawarata a nan, ki yi da sunanki. Na sha ganin an yi komai da sunan maigida ko ƙanin miji don kunya, ranar da aka samu saɓani kuwa sai a ga a takarda sana'ar ba tata ba ce, ita da ta sha hayaƙin.

Haraji kuma, da can wanda cinikinsa bai kai miliyan 10 a shekara ba yana biyan wanda ake kira impôt libératoire, kashi-kashi duk wata uku. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamba 2024 ta maye shi da wani harajin dunƙule mai suna IGS, wanda ya haɗe duk mai cinikin da bai kai miliyan 50 ba, kowa da ajinsa gwargwadon cinikinsa. A Chadi nasu IGL suke ce masa. Nan ne littafin nan yake ceton ki, don in babu shi ma'aikaci zai kalli firigonki da sabon fentin ƙofarki ya yanka miki aji da ido. In kin fitar da tebur kasuwa akwai tikitin wuri, in a bakin titi ne akwai kuɗin tare hanya, duk na meri ne, wato ƙaramar hukuma. Ko nawa aka karɓa ki ce a ba ki kitansi mai hatimi. Wanda ya ce "kawo na goro mu rufe magana" gobe ma zai dawo, kuma jibi abokinsa zai zo.

To yanzu ga inda naman yake, wato tsafta. Kamaru tana da babbar doka kan lafiyar abinci, mai lamba 2018/020 ta 11 ga Disamba 2018, kuma ruhinta a taƙaice shi ne duk wanda ya fitar da abinci ga jama'a shi ke da alhakin tabbatar da cewa ba ya cutarwa, tun daga gona har bakin mai ci. Aikin leƙawa na yau da kullum kuma yana hannun meri, don dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ba su duba wuraren da ake yi ko ƙullawa ko ajiyewa ko rarraba abinci. Shi ya sa sarwis dijiyen, wato sashen tsafta na merin unguwarku, ko Garwa ta ɗaya ce ko ta biyu ko ta uku, shi ne ƙofar da ya kamata ki fara ƙwanƙwasawa da ƙafarki kafin su su ƙwanƙwasa taki. Iyayenmu duba-gari suke ce musu, kuma tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda ake kifar da randa in an ga ƙwarkwatar ruwa a ciki. Abin da za su fara tambaya takardar likita ce, ta ke da duk mai taɓa abincin, har yarinyar da ke taya ki ƙulli. Mata da yawa suna jin haushin wannan, wai an mayar da su masu cuta. Ba haka ba ne Hajiya. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar taifod a cikinsa shekara da shekaru yana yawo garau, shi bai kwanta ba amma hannunsa yana kwantar da mutane, ga tarin fuka ga ciwon shawara da ke bin abinci da ruwa. Bayan wannan sai su duba ruwan da kike aiki da shi na famfo ne ko rijiya ko na 'yan garuwa, nisan masai da madafa, ko awaki da kaji suna ratsa wurin, ko kwanuka a rufe suke, ina ake zubar da ruwan wanke-wanke.

Akwai wani ƙulli a nan da ya shafe mu mu Hausawa da Fulani musamman. Gidan matan aure ne, a zaure ma an rubuta ba a shiga. Kuma tsarin mulkin Kamaru da kansa ya ce gida yana da hurumi, ba a bincike a cikinsa sai bisa doka. To namiji baƙo da rigar aiki ya zo ya ce zai shiga har madafa, maigida ba ya nan, me za a yi? Haƙƙinki ne ki ce ya nuna katinsa da takardar da aka turo shi da ita, haƙƙinki ne ki ce a jira maigida ko a kira jauro ko lawan na unguwa ya tsaya. Amma ba zai yiwu ki ce kina son takardar tsafta kuma ba wanda zai ga inda ake girkin ba, ba a cin biyu. Dabarar da na ga ta fi aiki ita ce a kafa 'yar rumfa ko ɗaki kusa da zaure a mayar da shi wurin girkin sayarwa kawai, da tukwanensa daban da bokitinsa daban. Mai dubawa ya tsaya nan bai ratsa tsakar gida ba, yara ma ba su tsoma hannu ba, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai maganar wane irin abinci, wadda a wurina ta fi duk takardun nan muhimmanci, kuma ita ce Turawan can suka gina dokarsu a kai. Abinci busasshe da abinci mai ruwa ba haɗarinsu ɗaya ba. Cincin, dubulan, alkaki, nakiya, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, yaji, waɗannan ƙwayar cuta ba ta samun ruwan da za ta hayayyafa a ciki, sai su yi sati biyu lafiya lau. Amma kindirmo, yawur, fura da nono, kunun aya, kunun gyaɗa, alala, salak mai mayonez, dafaffiyar shinkafa, miyar nama, waɗannan gidan haya ne na ƙwayoyi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne suke ninkuwa, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai ba wuta ba sanyi. To ku dubi Marwa ko Kusuri a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40, a inuwa ma. Shinkafar da aka sauke ƙarfe goma na safe aka zuba a roba aka rufe, aka kai gidan biki aka buɗe bayan la'asar, ta yi awa shida a daidai ɗumin da ƙwaya ke so. Kuma ita shinkafa akwai wata ƙwaya da take zubar da guba wadda ko an sake ɗumamawa ba ta mutuwa, wari babu, ɗanɗano bai canja ba, sai amai da zawo cikin dare. Kunun aya kuwa kowa ya sani, da safe amarya da yamma tsohuwa.

Ga kuran kuma, wato wutar lantarki, da ba shi da alƙawari. Ranar da na leƙa firigon Yaya bayan wuta ta yi kusan yini ba ta nan, robobin kindirmon sun kumbura, murfin ɗaya da na murɗa sai da ya yi tsaki. Ta ce ai in wuta ta dawo za su sake sanyi. Za su yi sanyi mana, amma sanyi ba ya kashe abin da ya riga ya haihu a ciki, kwantar da shi kawai yake. Madarar ma in daga ruga aka kawo sai an tafasa ta sosai kafin a yi komai, don ɗanyar madara tana ɗauko cututtuka daga saniya zuwa mutum, har da tarin fuka na shanu.

Su ma busassun ba a ce an sallame su gaba ɗaya ba. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin da ke cin hanta a hankali, kuma suya ba ta kawar da ita. Mai ƙuli-ƙuli da tunkuza da ke sayen gyaɗar ƙarshen buhu don araha, ta san abin da take saye.

Sai robobi, nan kam sai an yi haƙuri da ni. Mun san daga ina robobin folere da yawa suke fitowa. Yara ne ke tsinto su a tasha da gidajen biki da bola, har da bakin asibitoci, su tara a buhu su sayar. Na tsaya na kalli yadda ake wanke su a gidanmu, baho ɗaya na ruwan omo, a tsoma a girgiza sau biyu a jefa a baho na biyu, kafin a kai ta talatin ruwan ya zama kalar shayi, murafan kuma a kwano ɗaya ba wanda ya bi ta kansu, alhali a zaren murfin nan ne bakin mutum ya taɓa. Wanda ya ga kwalara ta 2010 a Arewa Mai Nisa, da ta kashe ɗaruruwan mutane, ba zai ce ma'aikatan da suka kwashe kayan nan zalunci kawai suka yi ba. Na faɗa wa Yaya haka, ta ce to ni ɗan uwanta ne ko ɗan uwansu. Ƙanƙarar da ake fasawa a zuba ma tambaya ce, da wane ruwa aka daskarar da ita?

Nama yana da dokarsa daban. Tun dokar 19 ga Disamba 2000 kan binciken likitan dabbobi, naman da za a sayar wa jama'a sai an duba shi, shi ne hatimin nan mai shuɗi-shuɗi da kuke gani a jikin cinya a kwata. Ragon layya ko na suna da aka yanka a bayan gida halal ne, ku ci ku raba, amma in za a yi dambu ko kilishi ko fate na sayarwa to a sayo daga mahaucin da namansa ya bi ta mayanka, a Njamena irin ta Farsha. Saniyar da ta kwanta aka yi sauri aka sa mata wuƙa aka ce ga nama da araha, wannan ita ce hanyar gidan yari mafi kusa. Af, tunda an ambaci kilishi, ku sani makwabtanmu na Nijar sun kai nasu OAPI, ofishin kare sunayen kaya da ke nan Yawunde, tun 2021 aka yi masa rajista da sunan ƙasarsu. Mu da muke taƙama da na Ngaundere muna nan muna naɗewa a takardar siminti.

Daga ranar da kika ƙulle abu a roba ko kwalba ko leda kika ajiye a kantin wani, kin shiga wani aji kuma, na kayan da aka riga aka ƙunshe, kuma nan ne ANOR take shigowa, hukumar ma'auni da inganci da aka kafa a 2009. Dalili a fili yake. Mai sayen ƙosai a ƙofar gidanki yana ganin ki yana ganin kaskon, in cikinsa ya ɓaci ya san ƙofar da zai zo. Mai ɗaukar roba a butik bai san kowa ba, etiket ɗin, wato 'yar takardar da ke manne a jiki, shi ne fuskarki. Abin da ake so a gani a jiki: sunan abin, kayan da aka haɗa, nauyi ko yawa, sunan mai yi da inda take, ranar yi da ranar da zai lalace, kuma a Kamaru da Faransanci da Ingilishi. In akwai gyaɗa ko madara ko ƙwai a rubuta ƙarara, akwai mutanen da gyaɗa kaɗan ke toshe musu numfashi. Ranar lalacewa ba a cankarta, in kina son shiga manyan kantuna za su nemi sakamakon awo daga labo, irin na Centre Pasteur mai reshe a nan Garwa, a Njamena kuma akwai wani labon mai suna CECOQDA. Wani abin dariya abin takaici da nake gani, saboda kayan Najeriya sun cika mana kasuwa mutane sun saba ganin lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magani, sai mace ta sa mai kwamfuta ya kwafo mata lamba daga jikin wani biskit ya manna a nata don ya yi kyau. NAFDAC ta Najeriya ce, ba ta da iko a nan, kuma manna lambar da ba taki ba jabu ne, laifinsa ya fi na rashin lamba nesa ba kusa ba. Haka rubuta "zuma zalla" alhali rabi sukari ne. Tun kafin dokar kare mai saye ta 2011 mun san hadisin tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Leda kuma an hana mara kauri, wadda ba ta wuce mikron 60 ba, an sa hannu a 2012 aka fara aiki da shi a Afrilun 2014, a Njamena ma meri ta yi yaƙi da leda tun 2010. Kowa ya san har yau ana ƙulla kunu mai zafi a cikinta. Ba a kama ki jiya ba ba ya nufin an halatta.

Yanzu a ce ba ki da ko takarda ɗaya kuma ba wanda ya taɓa zuwa, shekara goma. Shi ke nan kin tsira? Akwai ɓangaren da ba ya jiran rajista. In kin karɓi komand ta faranti ɗari biyu na walima mutane suka kwana a asibiti, sashe na 289 na kundin laifuka na Kamaru yana magana kan wanda ya jawo rauni ko ciwo ko mutuwa ta hanyar sakaci ko rashin bin ƙa'ida, ɗaurin wata uku zuwa shekara biyar ne ko tara ko duka biyun, ban da kuɗin magani da diyya da za a iya bin ki. "Ban yi da gangan ba" ba ta fitar da mutum, ai sashen don marasa gangancin aka yi shi. Mu dai a al'ada sai a ce ƙaddara ce a je wurin liman ko lawan a sasanta, kuma sau da yawa a nan take ƙarewa, amma ba kowane kiliya, wato mai saye, ne ɗan unguwarku ba, musamman yanzu da ake kai wa ma'aikatan ofis da 'yan kudu. Masu girkin biki na gaske suna da wata dabara mai sauƙi, duk abin da suka dafa sai su ɗebi kaɗan a roba mai murfi su rubuta rana su sa a firigo kwana biyu-uku. In aka ce abincinki ne, ga shi a auna, don wataƙila ruwan gidan bikin ne ko salak ɗin da wata ta kawo. Ki kuma rubuta a saƙo ƙarfe nawa abinci ya bar hannunki, ki ce a ci kafin ƙarfe kaza. Ɗan kilando in ya tsaya ɗaukar fasinja biyu a hanya da kularki a rana, sunanki ne zai ɓaci ba nasa ba.

Ƙananan abubuwa da ake mantawa, in kin jera benci a zaure mutane suna zama suna ci to kin fara zama gidan abinci, shi kuma yana ƙarƙashin dokar yawon buɗe ido ta 2016 da izininta daban. In gidan haya ne ki gaya wa mai gida, don ya ba ki ne ki zauna ba ki kafa masana'anta ba, kuma hayaƙi da ruwan kwata su ne ke sa maƙwabci ya kai ƙara, yawancin ziyarar duba-gari ma daga nan take tasowa. Talla kuma, dokar ƙwadago ta Kamaru ta sa shekara 14 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aiki, 'yar shekara tara da tire a ka a tasha da daddare ba sai doka ta yi magana ba ma. Masu tsallaka gadar Ngeli da kula daga Kusuri kuma su tuna sefar ɗaya ce amma ƙasa biyu ce, takardar wannan gefe ba ta hana a tambaye ka a wancan.

Da za a tambaye ni, abin da meri-merinmu za su yi mai sauƙi ne kuma ba sai an jira Yawunde ba. Takarda shafi ɗaya, da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, a karanta a rediyo: in busasshe kike yi ga abu uku da ake so, in mai ruwa ne ga biyar, ga kuɗin a rubuce, ga tagar da za ki biya. A ɗauki mata cikin masu dubawa don su shiga gidajen kulle ba tare da rigima ba. Kwashe roba arba'in a watan azumi ba tare da an taɓa gaya wa mace ƙa'ida ba, ko da ƙa'idar gaskiya ce, tsoro kawai yake koyarwa, gobe za ta canja butik ne ba za ta canja baho ba.

Ita dai Yaya sai da ta yi kwana uku ba ta kula ni, ranar na huɗu ta aiko min da kunu da saƙon in zo in raka ta. Mun yi takardar likita, ita da yarinyar da ke taya ta, mun je meri da ƙafarmu. Kindirmo ta ajiye shi sai sanyi ya shigo, ta ce ba za ta iya da kuran ba. Folere kuma yanzu a sabbin robobi take zubawa, ruwan tafasasshe, ga ɗan etiket da wani yaro ya buga mata da sunan autarta a jiki, ranar yi kuma da bik take rubutawa da hannunta. Sai dai robar da take dala ashirin ta koma dala talatin, kuma mai butik ɗin ya ce mutane suna ɗagawa su duba su ajiye su ɗauki na maƙwabciyarta mai tsohuwar roba. Jiya da na biya ta ce in zauna in lissafa mata ko ƙaramar roba za ta fitar da ita a dala ashirin ɗin, ta miƙo min kayen da fensir.